Tambaya da Amsa: Wai da me ake auna cunkoson motoci a babban titi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato cunkoson motoci a manyan tituna, gosulo kenan kamar yadda aka fi cewa, shi ya sa na tattara su waje guda. Wasu na ɗan rage musu tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, musu ne ya haɗa ni da abokina, shi ya ce wai auna cunkoso ba wani abu ba ne, ka tsaya bakin titi ka ƙirga motocin da suka wuce cikin awa ɗaya, in sun yi yawa akwai cunkoso, in ba su da yawa babu. Ni dai raina bai kwanta da maganar ba amma na rasa ta inda zan kama shi. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Ɗan'uwa ran naka da bai kwanta ba shi ke da gaskiya, kuma ga inda za ka kama shi. Ka ce masa ya je ya tsaya a bakin titin da ƙarfe uku na dare ya ƙirga, zai samu motoci kaɗan ne suka wuce ta gabansa. To ya sake dawowa ranar da titin ya toshe gaba ɗaya, motoci sun yi cirko-cirko babu mai gaba babu mai baya, ya sake ƙirgawa, nan ma kaɗan zai samu sun wuce, don ai wanda bai motsa ba bai wuce ba. Ka ga lissafi ɗaya ya fito masa sau biyu alhali na farko titi ne fayau, na biyu kuwa mutane ne ke ta gumi cikin mota. Wannan shi ne babban tarkon da ke cikin maganar, kuma ba abokinka kaɗai yake kamawa ba.

Masu wannan aiki abu uku suke dubawa tare. Akwai yawan motocin da ke wuce wani gurbi a cikin awa ɗaya, shi ne wanda abokinka ya sani. Akwai gudun da suke yi. Sai kuma na ukun wanda shi ne zuciyar maganar, wato motoci nawa ne a jere cikin kilomita ɗaya na layi ɗaya a daidai wannan lokacin, kamar ka hau sama ka ɗauki hoton titin ka ƙirga abin da ke ciki. Ukun nan a ɗaure suke da juna, in ka ninka na ukun da gudu sai ya ba ka na farko. Bari mu ƙaddara, motoci 20 a kilomita ɗaya suna gudun kilomita 90 a awa, 1,800 za su wuce ka a awa. To motoci 90 a kilomita ɗaya suna jan ciki a gudun kilomita 20, su ma 1,800 ɗin dai za su wuce ka. Mai ƙirge a bakin titi zai rubuta lamba ɗaya, amma na farko tafiyar kilomita 30 minti 20 ce a wurinsa, na biyu kuwa awa ɗaya da rabi zai yi.

Wani injiniya a Amurka mai suna Bruce Greenshields shi ya fara fito da wannan alaƙa fili a 1935, da kyamara ya riƙa ɗaukar hotunan motoci a kan hanya yana lissafa gudunsu da tazarar da ke tsakaninsu. Abin da aka gano tun daga nan shi ne, in motoci suna ƙaruwa a titi, da farko adadin masu wucewa ƙaruwa yake yi, yana hawa yana hawa har ya kai wani ƙololuwa, daga nan duk motar da ta ƙaru ba ƙara adadin take ba, rage shi take. Ƙololuwar nan a babban titi mai kyau wanda babu danja babu mahaɗa ba ta wuce motoci 2,000 zuwa 2,400 a awa a kowane layi. Kuma kai ma za ka iya gane dalili da kanka, awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, in kowane direba ya bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninsa da na gabansa 1,800 kenan, ba yadda za a yi ka tura fiye da haka sosai sai dai mutane su manne wa juna, mannewar kuma ita ke haifar da taka birki.

A can Amurka akwai kundin da injiniyoyin hanya ke aiki da shi wanda aka fara fitarwa a 1950, a bugun 1965 suka shigo da tsarin ba titi maki kamar na jarrabawa, daga A zuwa F, ƙasashe da dama sun ara. Matakin A shi ne ka yi gudunka ka canja layi yadda ka ga dama, wajen motoci 7 ko ƙasa da haka a kilomita ɗaya na layi. E shi ne titi ya cika maƙil amma yana tafiya, har zuwa wajen 28. In an haura nan F kenan, tafiya ta lalace. Ni dai abin da nake so ka riƙe shi ne matakin E ɗin nan, don shi ne mai yaudara, a nan titi ke ɗaukar motoci mafi yawa, kowa na tafiya, amma abu kaɗan zai faru komai ya rushe.

TAMBAYA: Salam. Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne Google Maps, ya ake yi yake sanin akwai gosulo a gabana har ya shafa wa titin ja? Tauraron ɗan'adam ne ke kallonmu ko kuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba hoto ake ɗauka daga sama ba, wayarka ce da wayoyin sauran mutanen da ke kan titin suke ba da labari. Tauraron aikinsa kawai ya taimaka wa wayar ta san inda take, ita kuma wayar in an bar mata lokeshan a kunne sai ta riƙa aika wurin da take da gudun da take tafiya. In wayoyi ɗari a kan wani yanki na titi duk sun koma tafiyar hawainiya alhali an san a ƙa'ida wurin gudu ake yi, sai manhajar ta canja masa launi, kore lafiya lau, ruwan lemo an fara rage gudu, ja an cushe, ja mai duhu kuwa kusan a tsaye ake. Suna haɗawa da tarihin titin na kwanakin baya, da kuma rahoton da direbobi ke turawa da hannunsu irin na manhajar Waze, wadda Google ɗin ya saya a 2013.

Amma ka lura gudu yake aunawa, ba ƙirga motoci yake ba. Bas guda cike da fasinjoji kowa da wayarsa, da mota mai mutum ɗaya, ba lallai ya bambance su yadda ya kamata ba. A 2020 wani mai fasaha a birnin Balin na Jamus, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a cikin ɗan ƙaramin amalanke ya riƙa ja a hankali a kan titi, taswirar ta nuna titin ja wur alhali babu kowa a kai. A titin da masu irin waɗannan wayoyin ba su da yawa kuma labarin da zai samu kaɗan ne, to sai a yi hattara da launin.

Kafin zuwan wayoyi, kuma har yanzu ma, hukumomin hanya da nasu kayan aikin. Wanda ya fi yawa shi ne wata waya da ake yanka kwalta a binne ta a naɗe, in ka lura wani lokaci za ka ga zanen murabba'i ko da'ira a kan titi kamar an tsaga an liƙe, to ita ce. Lantarki ke bi ta cikinta, in ƙarfen mota ya hau kai sai na'urar ta ji canji ta ƙirga ɗaya, kuma tana lissafa tsawon lokacin da mota ta yi a kanta, wanda shi ne ke tona asirin cunkoso, don in titi a sake yake mota wuf take wucewa, in ya cushe kuwa sai ta zauna a kai. In aka binne biyu a jere kusa da juna har gudu suna bayarwa. Akwai robar nan mai kama da tiyo da ake shimfiɗawa a gicciye na 'yan kwanaki don ƙirge, akwai na'urar rada mai auna gudu, akwai kyamarori. Waɗannan suna ganin kowace mota amma a gurbi ɗaya tak, wayoyi kuma suna ganin titin gaba ɗaya amma ba kowace mota ba, shi ya sa aikin da ya fi inganci shi ne wanda aka haɗa biyun.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direban babbar mota ne, shekarata sama da ashirin a kan sitiyari. Sau da yawa sai mu shiga gosulo mu yi ta ja, ina cewa hatsari aka yi ko gyaran hanya ake, sai mu fita ban ga komai ba, hanya fes. Me ke kawo wannan? Sannan kullum mu ake zagi wai mu ke cushe hanya.

AMSA: Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare hanya. Abin da ka gani ɗin nan gaskiya ne, kuma masana sun daɗe suna bincike a kansa, har gwaji aka yi musamman. A Japan wani malamin jami'ar Nagoya mai suna Yuki Sugiyama da abokan aikinsa suka sa motoci 22 a kan wata hanya zagayayya mai tsawon mita 230, suka ce wa direbobin kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a awa ya yi ta zagayawa, babu danja, babu rami, babu mai tsallaka titi. An wallafa sakamakon a 2008. Da farko tafiya ta yi kyau, can sai wani ya ɗan matso kusa da na gabansa ya ɗan taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da nasa, na bayan wancan ya fi, kafin ka ce kwabo wasu sun tsaya cak. Abin mamakin ma shi ne cunkoson ba a wuri ɗaya yake zama ba, baya yake tafiya, yana bin motocin da ke tahowa da gudun wajen kilomita 20 a awa, kuma kusan haka ake auna shi a manyan tituna na gaske.

To ka ga amsar tambayarka kenan Baba. Wanda ya fara taka birkin ya daɗe da isa gida, kai kuma abin da ya bari ne ya zo ya same ka kilomita da yawa a baya, shi ya sa in ka fita ba ka ganin komai, ba a wurin aka yi abin ba, kuma mai yiwuwa abin ma bai wuce wani ya yanko layi ba sigina ba. Wannan ba ya faruwa sai titi ya kusa cika, in da sarari tazarar da ke tsakanin motoci sai ta shanye ɗan birkin. Wani abin takaicin kuma, in tafiya ta riga ta karye, motocin da ke fita daga bakin cunkoson ba sa kai adadin da titin ke ɗauka kafin ya karye, saboda kowa sai ya ɗan jinkirta kafin ya taka totur. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu ƙasashe ake sa danja a bakin hanyar da ke shiga babban titi tana sakin mota ɗaya-ɗaya, a Ingila kuma akwai allunan lantarki a kan babbar hanyar da ta zagaye Landan, M25, masu rage iyakar gudu in motoci sun fara yawa, tun 1995 ake haka. Mutum zai ga kamar ɓata masa lokaci ake, alhali so ake kar tafiyar ta karye tun farko.

Maganar zagi kuwa, zan faɗa maka yadda lissafin yake ba tare da son kai ba. Injiniyoyi ba sa ƙirga babbar mota a matsayin ɗaya, suna mayar da komai zuwa ma'aunin ƙaramar mota, a shimfiɗaɗɗiyar hanya tirela na cin gurbin ƙananan motoci biyu zuwa uku, a hawa kuwa da lodi ta fi haka nesa, babur kuma bai kai ɗaya ba. Wannan gaskiya ne ba za a ɓoye ba. Amma direban babbar mota da ya riƙe gudu ɗaya ya bar tazara a gabansa, shi ne ma yake kashe irin wancan birkin mai tafiya baya, ya fi mai ƙaramar motar da ke tsalle daga wannan layi zuwa wancan amfani ga na bayansa. Kuma kayan da ka ɗauko in ba kai ba ƙananan motoci nawa za su kwashe su? Ba a yi muku adalci in aka ɗora muku laifin duka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ma'aikaciya ce, an ce matsakaicin lokacin tafiya a hanyar da nake bi minti 35 ne, amma wallahi wata rana minti 25 nake yi wata rana sama da awa ɗaya, har an fara yi mini magana a wurin aiki kan makara. To wannan matsakaicin meye amfaninsa gare ni?

AMSA: 'Yar'uwa tambayarki ita ce ta fi taɓa ni a cikin duka, don kin taɓo inda ma'aunin ke gazawa. Matsakaici ba ƙarya ba ne amma ba a rayuwa da shi, ba wanda zai je wurin aiki ya ce ai a matsakaici ban makara ba.

Ma'aunin da aka fi yaɗawa a rahotanni shi ne a ɗauki lokacin da tafiya ke ci a lokacin cunkoso a raba da lokacin da take ci in titi a sake yake. In tafiyar minti 20 ta koma 26, sai a ce 1.3, wato an ƙara miki kashi 30 cikin ɗari. Da irin wannan kwatancen ne kamfanoni irin su TomTom da INRIX suke jera biranen duniya kowace shekara, da kuma cibiyar binciken sufuri ta jami'ar Texas A&M mai fitar da rahoton biranen Amurka. Yana da amfani wurin kwatanta bara da bana. Amma bai san da zamanki ba, ke da ba ki san ko yau ranar 25 ba ce ko ranar 70.

Saboda haka ne aka fito da wani ma'aunin daban, na tabbas ɗin tafiya. Tambayar da yake yi ita ce, minti nawa mutum zai ware in yana so ya isa a kan lokaci a ranaku 19 cikin 20? Ke ma za ki iya fitar da naki, ba ya buƙatar komai sai agogo da ɗan littafi. Ki rubuta lokacin da kika tashi da lokacin da kika isa na ranakun aiki 20, wata guda kenan, ki riƙa tashi a lokaci ɗaya kuma hanya ɗaya. Sai ki jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, ki ajiye mafi munin gefe, wanda ke bi masa shi ne lokacin da za ki riƙa warewa. In ya fito 60 alhali matsakaicinki 35, to minti 25 kenan kike biya kullum don kawai hanyar ba ta da tabbas, ko ranar da titi ya yi kyau kin riga kin biya su, don kin baro gida da wuri kin bar abin da kike yi. Wannan asarar babu na'urar da ke cikin kwalta da za ta gan ta, kuma a ganina ita ce ta fi cin rai, hanyar da kullum minti 45 ce ba canji ta fi sauƙin zama da ita a kan wadda ke wasa tsakanin 25 da 70. Ki rubuta har da ranar mako da ko an yi ruwa, sau da yawa za ki ga munanan ranakun suna da tsari, kuma in kika gwada tashi minti 15 kafin lokacinki kina iya samun kin tsallake kafin tafiyar ta karye, ribar ta fi minti 15 ɗin.

Wani abu da nake so masu tsara hanya su riƙa yi shi ne su ƙirga mutane ba motoci kaɗai ba. Motoci 3,000 kowace ta yi asarar minti 10, awa 500 kenan, amma in a cikinsu akwai bas-bas masu ɗauke da mutum hamsin-hamsin to asarar ta ninka haka sosai, kuma mafi yawanta a kan waɗanda ba su da motar kansu ta faɗa.

TAMBAYA: To in an auna an ga titi ya cika ba sai a ƙara masa layi ba kawai a huta?

AMSA: Wani lokaci haka ne, musamman in matsalar gurbi ɗaya ce, kamar inda layi uku ya koma biyu ko wata mahaɗa da aka tsara ba daidai ba, kuma awo ne ke nuna wannan, don cunkoson da kullum daga wuri ɗaya yake farawa a lokaci ɗaya ya riga ya nuna inda ciwon yake. Amma a babban birni mai ƙaruwa sauƙin ba ya daɗewa. A Hustan ta jihar Texas an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aikin ya kammala a 2008, a inda ta fi faɗi layi 26 ne in an haɗa da na gefe, cikin 'yan shekaru lokacin tafiya da safe da yamma ya sake hawa. Masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi alƙaluman biranen Amurka suka wallafa a 2011 cewa tuƙin da ake yi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, wanda da yake sammako don gudun gosulo ya daina, wanda ke bin wata hanya ya dawo wannan, wanda ke shiga jirgin ƙasa ya ɗauko motarsa.

Singafo ita ta bi ta wata hanyar, a 1975 ta fara karɓar kuɗi a hannun mai shiga tsakiyar gari da mota lokacin cunkoso, a 1998 ta mayar da tsarin na lantarki, kuma da awon gudu take saita kuɗin. Abin da suke so a manyan hanyoyinsu shi ne gudu ya tsaya tsakanin kilomita 45 da 65 a awa, in ya faɗi ƙasa da haka sai a ƙara kuɗin wannan wurin a wannan lokacin, in ya haura sai a rage.

Akwai sauran saƙonni biyu a kan danja da shatale-tale, wanne ya fi sakin motoci, waɗannan sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.